Gwiwar Yaya Rafi'u

Duk direban da ya taɓa lodin kaya a sito-siton da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Jidda ya san wani dogon mai gadi da ke zama a kan kujerar ƙarfe, ƙafarsa ta hagu a miƙe samɓal, ba ta lanƙwasuwa. Ammu Rafi'u suke ce masa, wato Baffa Rafi'u da Larabci. Idan wani mai shisshigi ya tambaye shi abin da ya sami ƙafar, sai ya ce, "Ƙaddara ce, ya shekh," ya ɗaga masa ƙarfen ƙofa ya wuce. Ni ce ƙanwarsa, Jamilatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙaddara ce, ban musa ba, amma ƙaddarar tana da labari, kuma akwai hannuna a ciki, ko in ce bakina.

Babanmu, Alhaji Bawa, mahauci ne ɗan mahauci daga wani ƙauye a ƙasar Zamfara. A can mahauta su ne 'yan dambe, da an gama girbi sai kalangu, sai yawon gari-gari ana neman wanda za a sa zare da shi. Baba ya baro gida da ƙafa yana saurayi da niyyar sauke farali. Shekara bakwai ya yi a hanya yana fawa a garuruwan Sudan, can ya auri innarmu, suka tsallako teku. Ya yi aikin Hajji, bai koma ba. Ya sami rumfa a unguwar Sa'alaba yana sayar da naman tumaki da na raƙumi. An haifi Yaya a shekarar 1951, ni kuma sai bayan shekara tara. Ina da goma sha biyu Inna ta rasu, gidan ya koma mu uku.

Tun Yaya yana ɗan shekara bakwai Baba ya fara ɗaure masa hannu. Kullum bayan la'asar, a tsakar gida, an tura ƙofa. Babu kalangu a Sa'alaba, kuma ko akwai ba mai kaɗa shi a kan titi ya kwana gida, don haka Baba da ƙotar wuƙa yake buga kututturen sara nama, ƙwas, ƙwas-ƙwas, Yaya yana tafiya a kan sautin. Hannun hagu a gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Na dama a baya a naɗe da tsumma da zare, shi ne mashi. Na taso na tarar da wannan kamar yadda na tarar da randar gidanmu, ban taɓa tunanin akwai gidan da ba a yi ba.

A dambe idan aka ce an yi kisa, ba rai aka ɗauka ba. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi, wasa ya ƙare. Wannan doka ita ce Baba ya riƙe fiye da komai. An ba ni labarin cewa sau ɗaya tak ya taɓa dukan Yaya, ranar da ya yi faɗa da wani sa'ansa a bakin famfo, abokin faɗan ya faɗi, Yaya ya ƙara masa ɗaya a ƙasa. Baba ya ce masa, "Gawa ba a dukanta. Wanda yat taɓa ƙasa ya mutu. Ka sauke hannunka ka ɗaga shi, in ba haka ba kai ba ɗana ba ne." Daga ranar ya mayar da abin darasi. Suna cikin gwaji sai Baba ya dafa ƙasa da gangan, ba zato ba tsammani, ya ga ko yaron zai sauke hannu nan take ya miƙo masa. Idan ya yi jinkiri ko na ƙiftawar ido ne, a sake. Wannan kam na gani da idona, ba sau goma ba, ba sau ɗari ba. Baba yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, an tanƙwara, amma ina fagen? Babu dambe a Jidda. Faɗan titi kuwa, ga irinmu baƙi masu zama da iƙama, wato takardar izinin zama, hanyar ofishin 'yan sanda ce, daga can sai jirgi. Yaya ya zama ƙato, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, yana ɗaukar buhun siminti biyu a tafiya ɗaya, amma bai taɓa sa zare da kowa ba sai ubansa. Ya taɓa cewa zai je Zamfara ko da kaka ɗaya ce. Baba ya hana. Wai abin kunya ne a ce Alhaji Bawa ya aiko ɗansa daga maƙwabtan Ka'aba ya zo bin kalangu. Shi ya hana, kuma shi ne idan ya zauna yake cewa, "Na ƙera takobi na rataye a ɗaka." Tsofaffi ke nan, su kulle ƙofa su zauna suna kukan zafi.

Daga baya yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya bar rumfa a hannun maƙwabcinmu Usuman, ya koma zaman tabarma. Ba abin da ya rage masa sai labarin fagagen da ya shiga yana saurayi, da sunayen mutanen da ya kashe a turmin farko. Yaya yana zaune yana saurare, kansa a ƙasa. Ban taɓa jin ya faɗa da baki ba a lokacin, amma kowa a gidan ya san abu ɗaya yake so a duniya: ya shiga fage na gaskiya, gaban jama'a, ya yi kisa, ya zo ya gaya wa Baba tun Baba yana da rai.

A 1976 tashar ta cika ta batse, jirage suna yin watanni a teku suna jiran layi. A shekarar ne wani kamfanin gine-gine na Koriya ya ɗebi 'yan dako, har da Yaya. Kwana uku da fara aiki ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

"Jamila, wallahi yau na ga abin mamaki. Mutane sun fi hamsin, fararen kaya, sun jeru da safe suna ihu suna faɗa da iska."

"Wa ya ci?" na ce.

"Iska dai ba ta faɗi ba."

Dariyar ba ta yi mako ba. Mai koyar da su wani gajeren mai walda ne, Yun, wanda ma'aikata ke kira Ustaz Yun. Ya lura da wannan dogon da ke tsayawa yana kallonsu yana murmushi, sai ya yafito shi, ya nuna masa haɓarsa, wato bismilla. Yaya ya gyara tsayuwa irin ta gidanmu, ya ja mashi baya. Ya ce da ni kafin ya yanke shawarar inda zai sauke shi, sai ya ji tafin ƙafar mutumin a jikin kunnensa, a tsaye cak, bai buga ba, ya dai ajiye ta kamar mai gwada masa hula. Washegari Yaya yana cikin layin masu faɗa da iska. Sunan abin taikwando.

Da Baba ya ji, ya ce, "Shuri? Wanga ai aikin jaki ne." Amma kullum Yaya ya dawo sai ya sa shi ya tsaya a gabansa, ya bi ƙafafunsa da hannu yana lalube, yana tambaya ina nauyi yake, ina ido yake kallo. Ya ƙare da tsaki, gobe kuma ya sake.

Shekara ɗaya da rabi Yaya yana koyo. Rannan Ustaz Yun ya ce masa abin da yake da shi ya ƙare, sai dai wurin malaminsa. Malamin yana da sansani a kan wani dutse a ƙasarsu, inda ake tara waɗanda suka yi nisa a yi musu horo mai tsanani na wata uku. A ƙarshe akwai gasa, da alƙalai, da 'yan kallo. Ya ce ya rubuta wa malamin, an amsa, kuma akwai gurbi a jirgin da ke mayar da ma'aikatan kamfanin gida. Yaya bai ji maganar baƙar ɗamara, alamar gwaninta, da takardar shaida da ake bayarwa ba. Kalma ɗaya ya ji, 'yan kallo.

Na ɗauka Baba zai hana. Sai ya ce tunda karatu ne, har da takarda, ba bin kalangu ba ne, ba laifi. Na ce a raina, tsoho da wayo. Ranar tafiya, da hantsi, kafin mu fita filin jirgin Kandara, ya kama hannun Yaya na dama, ya dunƙule shi da kansa, ya tofa addu'a a kai. Ya ce, "Ka tahi da wanga. Ka komo min da labari." Watan Janairu ne na 1978.

Yaya da Larabci yake rubutu, don shi muka yi a makaranta, ni kuma in juya wa Baba da Hausa. Wasiƙar farko kusan duk kukan sanyi ce. Ya ce su arba'in da biyu ne a ɗaki biyu, shi kaɗai ne baƙar fata, shi kaɗai ne mai salla. Sai ya fasa ƙanƙarar da ke kan bokiti kafin ya yi alwala. Da gari ya waye su hau dutse da gudu su sauko, sannan kowa ya tsaya gaban wani turke da aka naɗe da igiya ya shure shi sau ɗari biyar, ƙafa ba takalmi. Da safe taikwando, da yamma wani fannin da ake ce wa hafkido, na murɗe hannu da kayarwa da share ƙafa. Abinci shinkafa ba mai ba gishiri, da kifi, da wani kabeji mai tsami da yaji wanda ya ce kwana uku yana gaba da shi, a na huɗu yunwa ta sasanta su. Nama bai taɓa ba ko sau ɗaya, don bai san wanda ya yanka ba. Ɗan mahauci guda, wata uku ba tsoka.

Abin da ya fi ba Baba dariya shi ne da na karanta masa cewa a can yamma ake fuskanta a yi salla. Ya tafa hannu ya ce, "Yaron ga ya yi nisa! Har ya baro Ka'aba bayanai!" Ya gaya wa Usuman, ya gaya wa mai kawo ruwa, ya gaya wa duk wanda ya yi sallama a makon.

A wasiƙa ta uku ya rubuta cewa babban malamin, wani tsoho mai furfura da ba ya yawan magana, ya tsayar da shi a gaban turke, ya kama hannunsa na dama ya jujjuya, ya daddanna ƙasusuwan, sannan ya sa tafinta ya tambaye shi wa ya yi wannan hannu. Yaya ya ce ubana. Tsohon ya ce a gaya wa uban ya iya aiki. Sau uku Baba ya sa na maimaita wannan wurin. A na ukun ya juya fuskarsa bango, wai ƙura ta shiga masa ido.

Akwai wani abu a wasiƙar da ban karanta masa ba. Yaya ya rubuta, cikin raha, cewa sau biyu ke nan ana zabga masa gora a baya, saboda duk lokacin da abokin gwajinsa ya kai ƙasa sai ya sauke hannu ya miƙa masa. Malaman sun ce masa a wurinsu ba a daina faɗa sai alƙali ya ce a daina, don akwai masu kai kansu ƙasa da gangan su share ƙafar mutum. Ya ce ya gane, yana kiyayewa, an yi mako biyu bai sake ba. Na tsallake wurin, don na san Baba zai ce waɗannan mutane ba su da tarbiyya, mu wuni muna abu ɗaya.

Daga nan wasiƙu suka ɗauke. Ranar da ya ce zai dawo ta zo ta wuce. Mako uku bayan haka Ustaz Yun ya zo ƙofar gidanmu tare da Usuman, hularsa ta aiki a hannu, ya ce da guntun Larabcinsa Rafi'u yana mustashfa, wato asibiti, ƙafa ce, amma yana da rai, ranar Talata zai sauka.

Ni da Usuman muka je tarbarsa. Na kusa wuce shi. Ya rame, ya yi duhu, yana dogara sanduna biyu, ƙafar hagu cikin farin simintin ɗori na asibiti daga cinya har idon sawu. A cikin tasi Usuman ya zauna gaba, mu muna baya, ƙafar a miƙe a kan cinyata. Sai da muka bar Kandara ya fara magana, a hankali, yana kallon taga.

Ya ce ranar gasar mutanen ƙauyukan da ke gindin dutsen sun hau, sun cika ɗakin har waje. Kuma sun zo da ganga. Babba, wani dattijo yana bugawa. Ya ce, "Jamila, tunda nake ban taɓa jin ganga a fage ba. Kututturen Baba kawai na sani. Da ta fara, wallahi sai na ji kamar a tsakar gidanmu nake."

Ya yi karawa biyu, duka alƙalai suka ɗaga hannunsa, amma da ƙidayar bugu ne, ba wanda ya faɗi. Wannan ba labarin da zai kawo wa Baba ba ne. Na ukun wani soja ne, gajere, mai sauri. A turmi na biyu Yaya ya matse shi har bakin layi, ya ga haɓa a buɗe, ya ja hannun dama baya, hannun da aka shekara ashirin ana shiryawa saboda wannan lokaci. Kafin ya sake shi, sai mutumin ya zube, tafin hannunsa biyu a ƙasa.

"Na sani, Jamila. Kaina ya sani. An gaya mini, an dake ni a kai. Amma kafin kaina ya yi magana, hannuwana sun riga sun sauka. Na taka gaba na miƙa masa hannu."

Shi kuwa sojan ya riga ya fara juyawa. Share ƙafa ce, halal a dokar gasarsu, kuma da Yaya yana tsaye yadda aka koya masa da tsalle ɗaya zai yi ta wuce. Amma ya tako gaba, ƙafar a miƙe, duk nauyinsa a kanta. Dunduniyar mutumin ta sami gwiwar daga gefe. Ya ce 'yan kallon da ke bakin ƙofa ma sun ji ƙarar. Likitoci sun yi aiki sau biyu, suka ce zai taka, amma ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Sojan kullum sai ya zo asibiti da tuffa a takarda, ya zauna yana kuka, har sai da Yaya ya koma shi ke ba shi haƙuri.

"Sabo turken wawa," ya ce, ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi mini daɗi ba. Sannan ya juyo ya dube ni. "Baba ba zai ji wannan ba. Santsin ƙanƙara ne ya kwashe ni a kan dutse, ana gobe gasa. Kin ji? Ammu Usuman, ka ji?"

"Yaya, ƙarya fa ke nan."

"Halas, na gama magana. In ya ji gaskiya zai ce shi ya karya ni. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Allah ya sani da zuciya ɗaya na yi.

Baba ya karɓi labarin ƙanƙara ba musu. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kwanta ya juya baya. Da a nan ya tsaya da an zauna lafiya. Amma baƙin cikin tsoho bai san hanyar fita ba sai ta baki. Bayan kwana biyu ya fara. Idan ya ji ƙarar sanduna sai ya ce, "Sannu shagon ƙanƙara," shago kuwa shi ne gwanin dambe. Idan masu dubiya suka zo ya ce, "Ga shi nan. Mutum yat tahi bangon duniya neman maza, ruwa yak kashe shi. Ruwan ma wanda ya daskare, ba ya ko motsi." Su yi dariyar dole, Yaya ma ya taya su. Wani lokacin yakan ƙara da nasa, ya ce ai ƙanƙarar Koriya baƙar ɗamara gare ta.

Mako shida ana wannan. An cire simintin, ƙafar ta fito siririya, gwiwar a kumbure. Aikin dako ya ƙare har abada, kowa ya sani, ba mai faɗa. Ina ganinsa da safe yana koyon salla a zaune, mutumin da buhu biyu ba sa tanƙwara shi. Ni kuma tun ina yarinya an san ni da baki, Inna ma takan ce wuƙar Baba a harshena ta sauka. Kullum in haɗiye, kullum abin ya ƙara taruwa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na kawo abinci. Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki kwano, sandarsa ta zame ta bugi butar Baba, ruwa ya zube. Baba ya ce, "A'a, ku yi maza ku goge, kada ruwan ga ya sake kashe muna shi. Shekara ashirin na ɓata. Da na sani da kututture na koya wa, shi ko ba komi yana tsayawa da ƙahwarsa."

Ban san lokacin da na dire tiren ba.

"Baba, ya isa! Wallahi ya isa! Ba ƙanƙara ba ce!"

"Jamila," Yaya ya ce. "Uskuti. Ki yi shiru."

"Ba zan yi ba! Ya shiga fage, Baba! Mutum biyu ya ci! Na ukun ya dafa ƙasa, shi kuma ya sauke hannu zai ɗaga shi, yadda ka koya masa, yadda ka dake shi a kai, mutumin ya karya shi! Koyarwarka ce ta karya shi, kake zaune kana yi masa dariya gaban mutane!"

Magana zarar bunu ce. Tun kafin in rufe baki na so in mayar, ba hali. Yaya bai dube ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba ya juya fuskarsa wajen Yaya. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Rafi'u. Matso."

Yaya ya ja jiki ya matsa. Baba ya laluba ya sami ƙafar, ya naɗe wandon sama da kansa. Tunda Yaya ya dawo bai taɓa ta ba sai ranar. Ya ɗora yatsunsa a kan gwiwar. Mutumin da ya shekara hamsin yana raba gaɓa da gaɓa ba ya bukatar ido a nan. Ya bi gefen waje, ya danna, ya koma gefen ciki, ya tsaya.

"Daga nan bugun yaz zo," ya ce. "Ƙahwa na miƙe. Kana takawa gaba."

"Haka ne, Baba."

"Hannunai ya taɓa ƙasa?"

"Ya taɓa. Duka biyu."

"Gaban jama'a?"

"Gaban jama'a."

Baba ya ɗago fuskarsa, idanun nan farare suna neman inda ɗansa yake. Ya riƙe gwiwar da hannu biyu.

"To gaya min. Kai kak kai shi ƙasa?"

Na gane abin da yake roƙo. Yaya ma ya gane. Idan bugun Yaya ne ya kai mutumin ƙasa, to an yi kisa, ko me ya biyo baya ha'inci ne na wanda ya riga ya mutu. Ƙafa ta tafi, amma an sami abin da aka je nema, kuma tsoho zai iya ɗaukar laifinsa tunda bai tafi a banza ba. Ba wanda ya gani a cikinmu. Ba wanda zai taso daga Koriya ya ƙaryata. Kalma ɗaya ce. Ina tsaye jikin ƙofa ina cewa a zuciyata, ka ce i, Yaya, don girman Allah ka ce i. Mutumin da ya yi mako shida yana ƙarya a kan ƙanƙara, yana barin ana yi masa dariya, me zai gagare shi a ƙarya ɗaya?

Yaya ya dubi fuskar Baba. Hawaye suna zuba a gemunsa, bai share ba.

"A'a, Baba. Ban kai ga sakin hannun ba. Shi ya kai kansa."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda dama ya san amsar. Ya sauke masa wandon, ya gyara shi har idon sawu. Sannan ya sunkuya ya kifa goshinsa a kan gwiwar, tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu, ya ce, "Ka gahwarce ni, ɗana." Yaya yana cewa ba komai, Baba, ba ka yi mini komai ba, tashi, don Allah tashi. Bai tashi ba. Abincin yana nan har la'asar ba wanda ya taɓa.

Daga ranar ban sake jin kalmar dambe a bakin Baba ba, ko sunan ɗaya daga cikin mutanen da ya kashe. Ya daina tsokana, ya daina tsaki, abinci ma sai an matsa masa. Wata huɗu ya ƙara, ya rasu ana saura kwana tara a fara aikin Hajji.

Yaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Ni ce bayan an yi addu'ar arba'in na kasa daurewa, na same shi a tsakar gida na ce ya yafe mini alkawarin da na karya. Ya ce ya yafe tun ranar. Sai na tambaye shi abin da ya fi ci mini rai, na ce me ya hana shi cewa i.

Ya murza gwiwar, sannan ya amsa.

"Da na ce i, zai sa ki kira masa Ammu Usuman da duk mutanen unguwa, ya yi mini kirari. Tun ina ɗan shekara bakwai yake ajiye da shi, Jamila, ya ce ba zan ji ba sai ranar da na yi kisa. Yanzu ya tafi da shi. Ko kalmar farko ban sani ba."